Raccah Rovers: Ƙungiyar Kano Da Ta Kara Da Pele Ta Kuma Ɓace

A gidajen kallon ƙwallo na Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, ba wuya a samu matashin da zai jero 'yan wasan Arsenal ko Real Madrid tun daga mai tsaron gida har 'yan benci, ya ma faɗi kuɗin da aka sayi kowannensu. Amma a ce masa Raccah Rovers, sai ya yi zuru. Alhali wannan ƙungiya ta Kano ita ce zakarar Najeriya a 1978, kuma a shekarar ce 'yan wasanta suka shiga fili ɗaya da Pele, a nan Kaduna.

Sunan ya samo asali ne daga gidan Raccah, 'yan kasuwa da tushensu ke Tarabulus ta Libiya. Saul Raccah na cikin manyan masu sayen gyaɗa a Kano a zamanin Turawa, lokacin da ake tara buhuna a yi dala da su kafin jirgin ƙasa ya kwashe zuwa Legas. Manoman ƙasar Katsina na cikin waɗanda guminsu ya gina wannan dala. Haka ƙwallon wancan lokaci take: kamfani ko ma'aikata ko wani attajiri ne ke ɗaukar nauyin ƙungiya, ya saya mata riga da takalma, ya biya kuɗin mota, sau da yawa ma ya ba 'yan wasan aikin yi.

Tauraruwar Rovers ta haska sosai a ƙarshen shekarun 1970. A 1977 ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale, inda IICC Shooting Stars ta Ibadan ta doke ta da ci biyu da nema. Shekara na zagayowa sai ta ɗauki kofin gasar ƙasa. Ba ƙaramin abu ba ne, domin a lokacin Rangers ta Enugu da Shooting Stars da Bendel Insurance ta Benin ne ke cin karensu ba babbaka. Daga Arewa, Mighty Jets ta Jos kaɗai ta taɓa yin haka, a 1972, shekarar da aka fara gasar.

Sai kuma ranar 26 ga Afrilu, 1978. Ƙungiyar Fluminense ta Brazil ta zo rangadi Najeriya, Pele kuma, wanda ya riga ya rataye takalmansa a New York Cosmos a 1977, yana ƙasar. Aka ba shi rigar Fluminense ya saka, suka kara da Rovers a filin wasa na Ahmadu Bello, baƙin suka yi nasara da ci biyu da ɗaya. Mutumin da ya ɗauki Kofin Duniya sau uku, ga shi 'yan Kano suna tare shi suna ƙwace ƙwallo a ƙafarsa. Da a wata ƙasa ce, da hoton wannan rana na rataye a kowane ofishin wasanni.

A 1979 Rovers ta wakilci Najeriya a gasar zakarun Afirka, ɗan wasanta Shefiu Mohammed kuma na cikin tawagar Green Eagles da ta ci Kofin Afirka a Legas a 1980. Daga nan sai labari ya fara dusashewa. Kafin shekarun 1980 su ƙare, an daina jin ɗuriyarta a sahun manya.

Ba ita kaɗai ba ce. Leventis United ta Ibadan ta kai wasan ƙarshe na wani kofin ƙungiyoyin Afirka a 1985, ta ci gasar ƙasa a 1986, ba a jima ba masu ita suka rufe ta. Abiola Babes ta Abeokuta, mai Kofin Ƙalubale na 1985 da 1987, ita ma haka. Ranchers Bees ta Kaduna, inda Daniel Amokachi ya fito, ta kai wasan ƙarshe a Afirka a 1988, ta ci kofin Afirka ta Yamma a 1989, sannan ta zame ƙasa. Ciwon iri ɗaya ne: ƙungiya ta jingina da aljihu guda, ran da mai aljihun ya gaji ko kasuwa ta juya masa baya, shi ke nan. Magoya baya sai dai tafi da ihu, ba su da hannun jari, ba su da ta cewa.

 

A Arewa, gwamnatocin jihohi ne suka gaji nauyin ƙungiyoyi. An kafa Kano Pillars a 1990, Katsina United kuma ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale sau uku a jere, 1995, 1996 da 1997, ba ta ɗauka ba ko sau ɗaya. Sai dai asusun gwamnati ma aljihu guda ne. Ya danganta da ko gwamnan da ke kan kujera yana son ƙwallo.

Darasin ya fi kusa da ƙungiyoyin unguwa na kudancin Katsina, waɗanda galibi ɗan siyasa ɗaya ke saya wa riguna gab da zaɓe. Wadda 'yan unguwa ke yi wa karo-karo, ko da naira ɗari-ɗari ne ranar kasuwa, ta fi alamar daɗewa. Ita dai Kano, bayan kofin Rovers na 1978, sai da ta jira shekara talatin kafin Pillars ta sake kawo mata shi a 2008.