David Dale: Daga Kiwon Shanu Zuwa Shugabancin Gari

Masu sayar da atamfa a kasuwar Kejetia, ga labarin wani ɗan sana'arku daga ƙasar Sikotilan.

An haifi David Dale a 1739 a garin Stewarton. Yana yaro ya yi kiwon shanu, ya koyi saƙa a Paisley, sannan ya buɗe shagon zare a Gilasgo a 1763. A 1785 ya kafa masana'antar kaɗin auduga ta New Lanark a bakin kogin Clyde. Yaran da ke aiki a wurin sukan shiga makaranta bayan an tashi.

Da arziki ya zauna, sai gari ya neme shi. Sau biyu, a 1791 da 1794, aka sa shi cikin mahukuntan Gilasgo. In yunwa ta shigo, yakan sayo hatsi ya sayar wa talakawa ba riba.

Amma mutum tara yake, bai cika goma ba. Ya shugabanci ƙungiyar Gilasgo mai yaƙi da cinikin bayi, alhali bayi 'yan Afirka na cikin masu noma audugar da yake kaɗawa. Ya rasu a 1806.

Attajirin Zango, kai ma tambaya biyu na jiranka: me ka yi wa unguwa, kuma gumin wa ya tara maka dukiyar?