Kafin a Shafe Bango da Filasta

Duk wanda ya taɓa yawon neman gidan haya a Kano ko Kaduna ya san tabon nan. Bangon da ke jingine da banɗaki ya yi duhu daga ƙasa har zuwa ƙugu, fenti ya kumbura yana ɓarewa, wani farin gari kamar kanwa ya feso a kan siminti. Dillali zai ce ai damina ce, da an sake fenti shi ke nan. To amma a watan Maris, bayan wata biyar ko ɗigon ruwan sama bai sauka ba, damina ba ta da laifi. Gaskiya akwai danshin da ke tasowa daga ƙasa idan ba a shimfiɗa leda a fandisho ba, sai dai shi ba ya zaɓen bango, duk ginin yake bi. Wanda ya maƙale wa bangon banɗaki ko na kicin shi kaɗai, ruwa ne ke tsiyaya daga wata mahaɗar bututu da ke binne, kuma sau da yawa tun ranar da aka binne ta take wannan tsiyayar.

Abin ya samo asali ne daga yadda muke jera masu aiki a wurin gini. Da birkila ake shawara tun kafin a haƙa fandisho, kafinta da mai ƙarfe kowa da ranarsa, amma fulamba sai an yi rufi ake tuna shi, lokacin da aljihun mai gida ya riga ya yi sanyi. Sai ya zo da guduma da kurfi ya hau sassaƙar bulon da aka biya kuɗi aka ɗora, ya huda fandisho don bututun masai ya sami mafita, alhali da an kira shi da wuri gutsuren bututu kawai zai ajiye a wurin kafin a zuba kankare. Ga mai filasta ya kwaɓa siminti yana jira. A cikin wannan gaggawar ake tsallake aiki mafi araha a sana'ar gaba ɗaya, wato gwaji.

Gwajin ba shi da wuya. Bayan an gama shimfiɗa bututu, ana toshe duk bakunan da za a ɗaura famfo, a cika layin da ruwa, a fitar da iska, sannan a sa ɗan famfon hannu mai agogon awo a matsa ruwan ya wuce ƙarfin da zai riƙa aiki da shi, galibi ninki ɗaya da rabi. Sai a zuba wa allurar agogon ido. In ta tsaya cak, layin lafiya lau. In tana sauka a hankali, akwai inda ke zuba, kuma ga bututun a fili, ana bin sa da hannu za a ji danshin. Inda babu wannan na'ura, ko haɗa layin da tanki a bar shi ya kwana cike ya fi babu. Gyaran ranar bai wuce a yanke mahaɗa ɗaya a sa wata ba. Bayan an manna tayil kuwa, wannan mahaɗar dai sai an fasa bango ana lalube, kuma da wuya a sake samun tayil irin na da a kasuwar Ƙofar Ruwa bayan shekara biyu. Ni a ganina bai kamata mai gida ya biya cikon kuɗin aiki ba sai ya ga gwajin nan da idonsa, sannan ya zaro waya ya ɗauki hoton kowane bango da bututunsa a buɗe, saboda ranar da wani zai zo kafa ƙusa.

Shi kansa bututun ya sauya sau biyu cikin ƙasa da shekara ɗari. Lokacin da ruwan famfo ya fara shiga Kano daga Challawa, a farkon shekarun 1930 zamanin Sarki Abdullahi Bayero, ƙarfe ake amfani da shi, kuma har yau ana tarar da shi a tsofaffin gidajen Nassarawa da Sabon Gari. Aikinsa na masu ƙwanji ne: a yanke da zarto, a fitar masa da tiredi, a ɗaure da babbar sufana mai haƙora, irin wadda wani Ba'amurke mai suna Daniel Stillson ya ƙirƙiro a 1869, wadda ƙara danna ta ke sa ta ƙara cizo. Ciwon ƙarfe daga ciki yake. Rufin da aka yi masa yana cinyewa, tsatsa ta taru ta matse hanya. Shi ya sa a tsohon gida ruwan farko na safe ke fitowa ja, kuma ba ƙarfi ko da tanki na cike.

Daga nan roba ta zo. Bututun PVC ba nauyi, ba tsatsa, yaro ma zai yanke shi, kuma wannan sauƙin ne ya jawo masa raini. Gam ɗinsa ba manne yake yi ba, narkar da fatar bututun da ta mahaɗar yake yi su zama abu ɗaya. Don haka dole a yanke bakin daidai, a kankare kaifin, a goge ƙura da danshi, a shafa a ɓangarorin biyu, a tura har ƙarshe a ɗan riƙe, sannan a ba shi sa'o'i kafin a saki ruwa. Abin da aka fi gani a wuraren gini shi ne a kunna takardar buhun siminti a gasa bakin bututu har ya yi laushi, a cusa wani a ciki, don a tsira da kuɗin soket guda. Wurin da aka gasa ya yi siriri, ya ƙone, nan ne kuma zai fara tsagewa. PVC ba ya jure ruwan da ya wuce digiri 60, saboda haka ba na layin hita ba ne. Rana ma tana cin sa a hankali har ya zama ana taɓawa yana karyewa, abin da duk mai tanki a sama ya gani a bututun da aka bari ba fenti. Akwai kuma mai kauri na ruwan sha da mara kauri na ruwan datti, kuma ga wanda bai sani ba duk kamanninsu ɗaya. Araha dai ba ta ado.

Yanzu koren bututun PPR ake yayi, kuma ya cancanta, domin yana ɗaukar ruwan zafi. Shi ba ruwansa da gam. Inji ne ake jonawa a wuta ya kai digiri 260, a cusa bakin bututu ta nan, mahaɗa ta can, a ƙirga daƙiƙa biyar zuwa bakwai ga ƙananan, a zare a haɗa ba tare da murɗawa ba. In an yi daidai, mahaɗar da bututun sun zama jiki ɗaya har abada. In janareta ba shi da ƙarfi, injin bai yi zafi sosai ba, haɗin zai saki. In kuma yaron fulamba ya tsaya hira ya bar shi ya wuce lokaci, robar za ta narke ta taru a ciki ta rufe rabin hanya. Wannan shi ne mugun, don ba ya zuba, gwaji ba ya tona shi, sai dai a ga wani famfo guda a gidan kullum ruwansa tsirit. Mai son sanin hannun fulamba ya ce ya haɗa masa guda ɗaya a gabansa, a raba ta biyu da zarto a leƙa cikin.

Inda roba ta haɗu da ƙarfe, kamar wajen ɗaura kan famfo, farin zaren nan na Teflon ake naɗawa, sinadarin da Roy Plunkett ya gano bisa tsautsayi a 1938 yana binciken iskar firji. Ta ɓangaren da za a murɗa ake naɗa shi, in ba haka ba yana shiga yana warwarewa. Kuma ƙara matsewa da sufana ba ya tsayar da ɗiga, sai dai ya tsaga mahaɗar.

Sai maganar da ta fi kowace haɗa mai gida da fulamba faɗa. “Malam, na sayi babban tanki, amma shawa ba ƙarfi.” Ƙarfin ruwa ba daga girman tanki yake zuwa ba, daga tsawon da ke tsakanin saman ruwan da bakin famfo ne. Kowace mita 10 ta tsawo tana ba da abin da ake kira “bar” ɗaya a ma'aunin matsi. Tankin da aka ɗora a mita 4, kan shawa kuma yana mita 2, tazarar da ke aiki ba ta wuce mita 2 da ɗoriya ba, ko tankin lita 500 ne ko 5,000. Maganin shi ne a ɗaga shi, ko a sa ɗan injin ƙara ƙarfi, sannan a sauko da bututu mai faɗi: inci ɗaya yana da fili ninki huɗu na rabin inci, kuma kowace gwiwa da aka ƙara a hanya tana cin nata rabon. Mai ɗaga tanki kuma ya tuna lita guda kilo guda ce. Tankin lita 2,000 tan biyu ne a kan ƙarafan da mai walda ya haɗa a tsakar gidan da yara ke wasa.

Ɗigar famfo kuwa an raina ta ne don ba a lissafi. Ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa yana kaiwa lita 20 zuwa 30 a rana, kusan jarkar ɗan garuwa guda, kuma yawanci 'yar robar da ke cikin kan famfon ce ta cinye. Tukunyar masai da robarta ta daina rufewa ta fi haka ɓarna nesa, tana iya shanye ɗaruruwan lita a rana ba ƙara. Ana jinkirta irin wannan gyara ne saboda gidan ba shi da makulli sai guda ɗaya a gindin tanki, taɓa famfo ɗaya sai an kashe wa kowa ruwa. Makulli a ƙofar kowane banɗaki ba tsada gare shi ba. Wani abin da bai kamata a taɓa yi ba shi ne toshe ɗan bawul ɗin da ke ɗiga a gindin hita. Aikinsa ke nan, shi ke sakin matsi idan ruwa ya yi zafi ya kumbura, kuma hitar da aka toshe wa shi tana iya fashewa.

Ɓangaren ruwan datti nauyi kawai yake bi, don haka gangara ce komai, kimanin santimita 2 a kowace mita. Lanƙwasar da ke ƙarƙashin wurin wanke hannu da cikin masai, wadda wani mai gyaran agogo a Landan, Alexander Cumming, ya yi wa rajista a 1775, ruwa kaɗan take riƙewa ya tare warin rami da kyankyasai. Banɗakin baƙi da ba a shiga, lokacin hunturu ruwan ya bushe, sai wari ya cika ɗaki a yi ta zargin sokawe, alhali buta ɗaya ta isa. Sokawen ma, ƙa'idar masana tsafta ita ce ya yi nisan mita 30 da rijiya. Filin ƙafa 50 sau 50 kuwa kimanin mita 15 ne kowane gefe, ga rijiyarka, ga ramin maƙwabci a bayan katanga. Wannan ya fi ƙarfin fulamba, magana ce ta masu yanka filaye da hukumomin tsara gari.

Ba a rasa ƙa'ida a takarda ba. Nijeriya na da kundin dokokin gini tun 2006, Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya na yin jarrabawar sana'a mai matakai uku, ga kuma hukumomin NABTEB da ITF. Amma yawancin masu aikin a hannun oga suka koya, abin da oga ya sani da abin da ya saba tsallakewa duka suka gada, kuma ba kasafai ake ganin jami'in da ya zo duba bututu kafin a rufe shi ba. Mai gidan ma da nasa laifin, domin fulamban da ya sa kuɗin soket da kwanan gwaji a lissafinsa shi ake cewa ya cika tsada.

Ɓarnar kuma ba ta tsaya a cikin gida ba. A lungunan birni za ka ga siraran bututan da kowa ya ja wa gidansa daga babban layi kwance a cikin kwata, wani an ɗaure tsagarsa da robar tayar keke. Muddin akwai ruwa a ciki da ƙarfinsa, waje yake fesowa. Amma ruwanmu zuwa yake yana ɗaukewa, kuma da zarar layin ya zama fanko, abin da ke cikin kwatar ne ke shiga ta wannan tsagar. Masu jona inji kai tsaye a layin gwamnati don su riga maƙwabta cika tanki suna ƙara tsotso shi. Ruwan da ya baro matatar ruwa ta Tamburawa a tace, da sinadarinsa na kashe ƙwayoyin cuta, ta haka yake iya isa randa ɗauke da taifod ko kwalara, kuma gidajen da ke gaba a kan layin su ma daga ciki za su sha, ko da nasu bututun ba inda ya tsage.