Fina-finan wasannin bidiyo: me ke sa kashi na biyu ya yi nasara ko ya faɗi?

A ɗakunan da matasa ke biyan kuɗi su buga PlayStation, daga Damagaram zuwa Garwa da Njamena da zangunan Kumasi, sunaye irin su Sonic da Mortal Kombat da Resident Evil ba baƙi ba ne. Da yawa daga cikin ɗalibaina sun fara sanin waɗannan sunaye a wasa, daga baya suka gan su a fim. Kamfanonin Hollywood na Amurka sun gane akwai kasuwa a nan, shi ya sa da zarar fim ɗin farko ya kawo riba sai a shiga shirin na biyu. Wani lokaci na biyun kan fi na farko, wani lokaci kuma ya zubar da mutuncin duka biyun. Akwai dalilan da ke jawo haka, kuma sanin su zai taimaki mai kallo kafin ya kashe kuɗinsa ko datarsa.

Matsalar ta faro ne daga bambancin wasa da fim. Wasan bidiyo kan ɗauki sa'o'i goma, ashirin ko fiye, kuma mai wasan ne ke riƙe da akala: shi ke gudu, shi ke faɗa, shi ke faɗuwa ya sake gwadawa. Fim kuwa sa'a biyu ne, mai kallo na zaune. Don haka fim ɗin farko kan ɓata rabin lokacinsa wajen gabatar da jarumi da duniyarsa ga wanda bai taɓa buga wasan ba. Ƙarfin kashi na biyu na farko ke nan: an gama gabatarwa, sai a shiga labari kai tsaye.

Sonic na kamfanin Sega ya nuna haka ƙarara. Fim ɗin 2020 ya ajiye Sonic a wani ƙaramin gari na Amurka tare da wani ɗan sanda, kuma abubuwan wasan kaɗan ne a ciki. A na biyu, cikin 2022, aka shigo da Tails da Knuckles, wanda Idris Elba ya yi wa murya. A na uku, ƙarshen 2024, Shadow ya bayyana da muryar Keanu Reeves. Kuɗin shiga a duniya ya tashi daga kusan dalar Amurka miliyan 320 zuwa sama da miliyan 400, sannan sama da miliyan 490. Darakta ɗaya, Jeff Fowler, ya ja ragamar duka ukun, Jim Carrey kuma ya ci gaba da fitowa a matsayin Robotnik. Masu shirin sun koyi sauraron masoya tun da wuri: a 2019 tallar farko ta sha suka saboda kamannin Sonic, har aka ɗage fitowar fim ɗin da wata uku aka sake zana shi. Samun damar gyara kuskure shi ne ƙarfi na biyu, tarin jaruman da wasan ya riga ya tanada kuma shi ne na uku.

Sai dai wannan tarin jarumai kan zama tarko. Mortal Kombat na 1995 ya samu sama da dala miliyan 120 a kan ƙaramin jari. Bayan shekara biyu aka fitar da Mortal Kombat: Annihilation da sabon darakta. Daga manyan 'yan wasan farko, Robin Shou da Talisa Soto ne kawai suka dawo. An maye gurbin Christopher Lambert a matsayin Raiden, aka kashe Johnny Cage a mintunan farko. Aka cusa mayaƙa barkatai daga wasan, kowa ya fito ya yi faɗa ɗaya ya ɓace, ba tare da mai kallo ya san dalilin zuwansa ba. Fim ɗin ya tsaya a kusan miliyan 51, kuma sai a 2021 aka sake ganin Mortal Kombat a sinima. Sauri ya haifi nawa.

Rauni na biyu shi ne ƙaddarar fim ɗin na ɗaure da farin jinin wasan. Lara Croft: Tomb Raider na Angelina Jolie ya samu kusan miliyan 275 a 2001. Ci gabansa na 2003, The Cradle of Life, wanda aka ɗauki wani sashensa a Kenya kuma ɗan asalin Benin Djimon Hounsou ya fito a ciki, ya tsaya a kusan miliyan 160. A shekarar ne wasan The Angel of Darkness ya fito cike da kurakurai, ya sanyaya gwiwar masoya. Labarin Angry Birds ya fi ban mamaki: masu sharhi sun fi yabon fim na biyu na 2019, amma ya samu kimanin miliyan 150, ƙasa da rabin abin da na 2016 ya tara. A tsakanin shekarun uku, wasan ya riga ya rage tashe a wayoyin mutane.

Rauni na uku maimaici ne. Resident Evil na Milla Jovovich ya kai kashi shida daga 2002 zuwa 2016, ya tara sama da dala biliyan ɗaya. Jarumarsa Alice babu ita a wasannin kamfanin Capcom, kuma kowane kashi kan ƙare da ƙofa a buɗe domin na gaba. Masu sharhi ba su taɓa yabonsa sosai ba, amma kasuwar waje ta riƙe shi: kashin ƙarshe ya samu ƙasa da miliyan 30 a Amurka, ya samu kusan miliyan 160 a China. Wannan na nuna cewa yawan kashi shaida ce ta riba, ingancin labari kuwa sai an duba shi daban. Mai kallon fina-finan Kannywood ya san wannan salon, inda ake yanke labari ɗaya a sayar da shi kashi na ɗaya da na biyu, mai kallo ya biya sau biyu kafin ya ga ƙarshe.

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Kafin a kalli kashi na biyu, a duba ko darakta da manyan 'yan wasa sun dawo, domin sauya su gaba ɗaya alama ce ta an yi gaggawa ko an rage kuɗi. A duba tallar: idan sunayen jarumai kawai take jerowa ba tare da nuna abin da ake rikici a kansa ba, akwai yiwuwar labarin ba shi da ƙashi.

Ga iyaye da malamai kuma akwai ƙarin abin lura. Kalmar "wasa" na yaudarar mutane su ɗauka duk fim ɗin da aka ciro daga wasan bidiyo na yara ne. Sonic da Angry Birds da The Super Mario Bros. Movie na 2023, wanda aka zana a birnin Paris, an yi su ne don iyali. Resident Evil da Mortal Kombat na 2021 kuwa a Amurka an sa su a rukunin da ɗan ƙasa da shekara 17 ba ya shiga sai da babba, saboda zubar da jini. Tunda yawancin yaranmu a waya suke samun fina-finan nan, ta hanyar turawa daga aboki, babu mai tsaron ƙofar da zai tambaye su shekaru. Wannan aikin ya koma hannun mutanen gida.