Abincin Murna Ranar da Yaro Ya Kawo Sakamako

A gidaje da yawa na ƙauyukanmu akwai wata al'ada mai kyau. Ranar da aka rufe makaranta, in yaro ya zo na ɗaya ko na biyu, sai uba ya sa a kama zakara, uwa ta dafa shinkafa maimakon tuwon kullum. Ran nan yaro ke samun cinya, wani lokaci har da ƙundu, wanda kowa ya san rabon maigida ne. Wannan al'ada ta cancanci a riƙe ta, gama da ita yaro ke gane cewa karatunsa yana da daraja a gida.

Damuwar ita ce lokacin. Sakamakon zango na uku, wanda ke nuna ko yaro ya wuce zuwa aji na gaba, yakan fito ne a watan Yuli. Rumbu ya yi ƙasa, kuɗi ya tafi wajen taki, 'yan kajin da suka rage kuma ana tanadinsu domin kuɗin makaranta a Satumba. Sai wani uba ya ci bashi don ya fita kunya, wani kuma ya karɓi takardar ya yi shiru, yaro ya koma gefe jiki a sanyaye.

A nan ne cuku ke da amfani. Da damina shanu na samun ciyawa, madara takan yawaita. Wanda yake da saniya, ko yake saye a ruga, zai iya yin cuku a gida. Ana ɗora madara sabuwar tatsa a wuta kaɗan kaɗan. A daka ganyen tumfafiya, a jiƙa shi cikin 'yar madara, a tace, a zuba ruwan cikin tukunya. In ta ci gaba da zafi za a ga ta tsinke, farin ya taso sama. A kwashe a ƙaramin kwando ya tsane. Kimanin lita 5 na madara ke ba da kilo 1. A dafa shi cikin ruwan gishiri ko a soya, domin ɗanyar madara na iya ɗauke da cuta, har da tarin fuka. A kuma kiyaye idon yara daga ƙaron tumfafiya. Soyayyen cuku cikin miyar tumatir, yara na rububinsa kamar nama. Ba sabon abinci ba ne: a 1 Sama'ila sura 17, cuku goma Yesse ya ba Dawuda ya kai wa shugaban sojoji.

Inda babu madara, akwai awara. Waken suya na da sinadarin gina jiki fiye da kashi 35 cikin 100, ya fi waken da muka saba ci. A jiƙa, a markaɗa, a tace, a tafasa, a zuba ruwan tsami na kamu. Mudu ɗaya ya ishi gida guda.

Sai batun wa zai ci. A ganina kuskure ne a ajiye wa yaro ɗaya kwano, sauran suna kallo. Mun san abin da rigar Yusufu ta haifar tsakaninsa da 'yan'uwansa a Farawa sura 37. Yaron da ya tashi daga na 30 zuwa na 18 ya yi aiki, a faɗi sunansa cikin addu'ar godiya kafin a ci. Haka ma yarinya. Sau da yawa ita ce ta ɗebo ruwa, ta hura wuta, ta markaɗo waken, alhali ba wanda ya tambayi tata takardar. Uba ya karɓa ya duba a gaban kowa. In bai iya karatu ba, malamin makarantar Lahadi zai karanta masa.

Muna roƙon zumuntar mata a kowace ikilisiya su sayi waken suya da kaka, wajen Nuwamba, lokacin da yake da araha. A shanya shi ya bushe sarai, a ajiye a buhu bisa katako, nesa da danshi, zai kai Yuli.