Idan ciwon damuwa ya zo asibiti da rigar zazzaɓi

Ba kasafai mai fama da ciwon damuwa yake shiga wurin likita ya ce damuwa ce ta kawo shi ba. Abin da zai faɗa shi ne ciwon kai, zafin jiki, faɗuwar gaba, rashin barci, ko jin wani abu na yawo a kansa. Sai a rubuta masa maganin zazzaɓin cizon sauro, in bai ji sauƙi ba a ce taifot ne. A kantin magani mukan ga mutum ɗaya ya dawo sau uku da irin wannan takarda, kuɗi na ta tafiya, ciwo na nan daram.

Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga jama'a sama da miliyan 200, kuma yawancinsu suna manyan asibitoci irin su Aro a Abeokuta, Yaba a Legas da Barnawa a Kaduna. Balle ma iyali da yawa ba za su yarda a gan su a can ba, gudun surutun mutane. Ashe likitan unguwa, wanda aka saba kai masa hawan jini da ciwon suga, shi ya kamata ya iya gano matsalar.

Don haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɓullo da shirin mhGAP a 2008, domin koya wa likitoci da ma'aikatan jinya da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba yadda za su gane ciwon damuwa, farfaɗiya, taɓin hankali da shaye-shaye. An gwada shi a ƙananan asibitocin Jihar Osun ƙarƙashin Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan.

A ganina, babban abin da horon ke gyarawa shi ne bayanin magani. Amitriptyline da fluoxetine sukan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a ji aikinsu. In ba a faɗa wa majiyyaci haka ba, kwana biyar zai ajiye, ya ce ba ya yi. Shi kuwa diazepam, da ake saurin rubuta wa mai rashin barci, jiki na sabawa da shi har ya zama jaraba.

Ana kuma koya wa likita ya tambayi majiyyaci kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta cusa wa mutum wannan tunani. In ya amsa da e, ba a barin sa shi kaɗai, iyali su kawar da magunguna da fiya-fiya daga inda zai kai hannu, a hanzarta tura shi wurin ƙwararre.