Kiɗan Buzaye Da Zancen Aurena

 Tun da littafina na biyu ya fito ake ta aiko mini da tambaya guda, wai me ya sa tauraruwar labarin ba ta da abin so sai kiɗan jita, alhali mu a ƙasar Hausa kalangu da fiyano muka sani? Wasu har cewa suke yi daga fim ɗin Turawa na kwaikwayo. To wallahi ba haka ba ne, a nan garinmu Likoro na tsince shi, kuma yau zan faɗa muku komai har da abin da ya jawo mini.

Gidanmu dai kowa da gwaninsa. Baba in ka cire labaran rediyo, ba ya da abin saurare sai Mamman Shata, kuma har gobe in aka yi hirar talabijin sai ya kawo zancen Samanja da Kasimu Yero na tashar Kaduna. Ranar da aka yi sanarwar rasuwar Samanja a 2023, jugum ya yini kamar ɗan uwansa ne ya rasu. Inna kuwa 'yar Indiya ce ta gidi. Ta kalli Mother India na 1957 ya fi a ƙirga, kuma duk sanda aka zo wurin da uwar nan ta harbe ɗanta saboda ya taɓa mutuncin 'yar mutane, sai ta ja gefen zani ta share ido. Dharmendra ba ta san sunansa ba, Sarkin Ƙarfi take ce masa.

Ni ma nonon da na sha ke nan, sai dai ina da zaɓi. Ina son Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995, domin saurayin ya samu damar gudu da yarinyar amma ya ƙi, ya ce sai ubanta ya ba shi da hannunsa. Amma Kuch Kuch Hota Hai na 1998 da ƙawayena ke mutuwa a kansa, ni haushi yake ba ni. Yarinya tana tare da kai shekara da shekaru ba ka ganta ba, sai da ta tara gashi ta ɗaura sari sannan ka gane mace ce? Allah ya kiyashe mu da irin wannan so. A na gida kuwa Daɗin Kowa na Arewa24 ya fi kwanta mini, saboda mutanen cikinsa kamar maƙwabtanmu suke, ba masu falo bakwai ba.

To yanzu ga zancen jita. Wanda ya san yankinmu na Kudan da Maƙarfi ya san rake ne arzikinmu, kuma da rani 'yan ci-rani kan zo neman aiki, har da mutanen Nijar. Ina aji biyu na sakandare Yayana ya dawo daga gona da wasu waƙoƙi da wani Buzu ya tura masa ta Bluetooth. Ba suna, ba hoto, ba mu jin ko kalma ɗaya domin da Buzanci ake yin su. Amma da na ji yadda tsirkiyar nan take kuka tana hawa tana sauka, ganga na bin ta kamar sukuwar raƙumi, sai tsigar jikina ta tashi. Daren nan da wayar Yaya na kwana a ƙarƙashin matashi, da safe na sha ranƙwashi saboda na cinye masa caji.

Sai daga baya na san mai kiɗan, Mdou Moctar, Ba'abzine ne ɗan Nijar. Abin da ya ƙara mini ƙaunarsa shi ne labarinsa: iyayensa ba su yarda da kiɗa ba, sai ya sassaƙa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke. Bahago ne, da hagu yake kaɗawa, kamar Jimi Hendrix na Amurka wanda ya rasu a 1970. Kuma ku ji abin mamaki, kundinsa na farko mai suna Anar a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da irin na'urar gyaran murya ta waƙoƙin finafinanmu na Hausa, daga nan ya bazu waya zuwa waya. Da ya fitar da Afrique Victime a 2021, jaridun Turai da Amurka suka sa shi sahun manyan makaɗan abin da suke kira rok. Akwai kuma Bombino na Agadas, wanda a 2019 ya zama ɗan Nijar na farko da ya shiga takarar kyautar Grammy. Nasa ya fi sanyi, shi nake sawa in ina rubutu. Wato abin da ake ce mini na Turawa, a bayan katangarmu yake.

Bara wani ya fito neman aurena, ma'aikaci ne a Zariya, mai hankali da kunya, iyayena sun yaba da shi, ni ma ba zan ɓoye ba, ya shiga raina. Wata huɗu muna zance lafiya lau. Ran nan a zaure ya karɓi wayata zai tura mini karatu, sai hannunsa ya taɓa wata waƙa, jita ta ɓarke da ƙara. Ya yi sauri ya kashe kamar ya taɓa garwashi.

Ya ce, "Malama, mene ne wannan kuma?"

Na ce, "Kiɗan Buzaye ne, Malam."

Ya yi murmushi ya ce, "Ba komai, ƙuruciya ce. In kin zo gidana duk za mu goge su. Da finafinan, da wannan rubuce-rubucen ma, ai mace in ta yi aure hankali take yi."

'Yan uwa, da a ce ya zauna ya ce mini ga hujjarsa ta addini game da kiɗa, wallahi da na saurare shi, domin malamai sun yi magana a kai kuma ni ba ta fi ƙarfin nasiha ba ce. Da na iya barin jita don zaman lafiyar ɗakina, abin da ake bari saboda aure ai ya fi wannan. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne bai tambaye ni me nake ji a cikinsa ba, ko sau ɗaya. Ya haɗa waya da biro ya ɗaure su a ƙunshi guda ya kira su ƙuruciya, yana dariya. Wata huɗu yana zuwa, ashe bai taɓa buɗe littafina ba.

Sati biyu ina istihara ina kuka a ɓoye, sannan na samu Inna a ɗaki na ce na haƙura. Goggo da ta ji sai da ta tafa hannu ta ce, "Yau ga 'yar da ta saki miji saboda garayar Buzu!" Har yanzu in an yi biki a dangi sai ta harare ni, ni kuma wani lokacin in na ga sa'o'ina da goyo sai zuciyata ta yi nauyi, ba zan yi muku ƙarya ba. Baba bai ce uffan ba sai bayan kwana uku, ina miƙa masa ruwan alwala ya ce, "Ni ma kakanki ya taɓa fasa mini rediyo saboda Shata." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Shekaranjiya muna surfe a tsakar gida ni da Inna, na ajiye waya a bakin rijiya ba sauti. Can sai ta tsaya da taɓarya a hannu ta ce, "Ke 'yar nan, sa mana na bahagon nan naki mana, ya fi tafiya da daka."