Karaye da Rogo: Ƙasar Bakin Iyaka da Gadon da Ke Hannunta

A kusurwar kudu maso yammacin Jihar Kano, inda ƙasar Dabo ta yi iyaka da jihohin Katsina da Kaduna, nan Karaye da Rogo suke. Daga Jajaye zuwa Zarewa, daga Fulatan zuwa Yammedi, ƙasa ce ta noma da kiwo, ta masara da dawa da garken shanu. Zaman bakin iyakar nan shi ya tsara tarihinta tun fil azal, domin sau da yawa abin da zai shigo Kano daga yamma, ko ayarin fatake ko rundunar yaƙi, sai ya taka ta.

Littafin Tarihin Kano, wanda Bature H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ambaci Karaye a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Nazaki, wanda ya yi sarauta daga 1618 zuwa 1623. Wambai Giwa, bayan ya faɗaɗa ganuwar birnin Kano ta yamma, Karaye ya koma ya kafa sansani yana gwabzawa da Katsinawa. Ya tara dawaki da ganima har fada ta soma jin tsoron ƙarfinsa, aka tuɓe shi a zamanin Sarki Kutumbi. Bayan kusan shekara ɗari biyu, da jihadi ya iso ƙasar Kano, Karaye na cikin manyan garuruwan farko da suka faɗa hannun masu jihadi kafin a ci Sarkin Kano Alwali a 1807. Tun daga nan Sarkin Karaye yake cikin manyan sarakunan ƙasar Kano, sahu ɗaya da na Rano da Gaya da Dutse.

A 2019 Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya mai da Karaye masarauta mai daraja ta ɗaya ƙarƙashin Alhaji Ibrahim Abubakar na Biyu. A watan Mayun 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta soke dokar da ta kafa masarautar, sannan a Yuli ta kafa masarauta mai daraja ta biyu wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Karaye da Rogo, aka naɗa Alhaji Muhammad Maharaz. An sha muhawara a kan haka a rediyo da majalisun hira. Sai dai gadon ƙasar nan ya wuce batun darajar sanda.

Babbar shaida ita ce Baba, mutuniyar Karo, wani ƙauye a ƙasar Zarewa. An haife ta wajen 1877 a gidan manoma kuma malamai masu asalin Barebari. Tsakanin 1949 da 1950, a garin Giwa na ƙasar Zazzau, ta zauna da Baturiya Mary Smith, matar masanin nan M. G. Smith, ta ba ta labarin rayuwarta da Hausa. Ta rasu a 1951, littafin *Baba of Karo* kuma ya fito a 1954. A cikinsa akwai zaman rinji da bayi, da fargabar mahara da ke sa mutanen ƙauye gudu cikin ganuwa, da yadda dangi ke haɗa kuɗin fansa in an kama nasu. Akwai ƙawance da kunyar ɗan fari, da riƙon 'ya'ya, da aure da saki, da zuwan Turawa kamar yadda mace ta gan shi daga cikin gida. Jami'o'in Ingila da Amurka sun daɗe suna karantar da shi. Abin takaici ne a ce ɗalibi a Rogo ya gama sakandare bai taɓa jin sunanta ba.

Zamani ma ya bar nasa tambarin. Madatsar ruwan Chalawa, wadda aka kammala a 1992, tana iya riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900. Ta kawo kamun kifi da noman rani, ta kuma tashi ƙauyuka daga mazauninsu na kaka da kakanni. A Kusalla kuwa ga sansanin masu yi wa ƙasa hidima, inda matasa daga kowane sashe na Najeriya ke fara sanin Kano ta ƙofar Karaye.

Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Dattawan da suka ga kufan garuruwan da ruwa ya shafe, da tsofaffin matan da suka riƙe waƙoƙin daka da na biki, suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ba a bukatar Baturiya ta sake zuwa kafin a saurare su, tunda wayar da ke aljihun kowane saurayi tana ɗaukar murya.

Kira ga fadar Karaye, da shugabannin ƙananan hukumomin biyu, da malaman tarihi na Jami'ar Bayero: a naɗi bakin dattawa, a killace abin da ya rage na ganuwa da tsofaffin masallatai, a sa labarin Baba cikin karatun 'ya'yanmu. Matasan Jajaye da Zarewa, ku fara da kakanninku tun suna raye.